Daga Zariya Zuwa Yankari: Shirin Tafiya, Ganin Dabbobi, da Inda Abubuwa Ke Kwaɓewa

Wanda ke zaune a Zariya yana son ganin giwa a dajinta, ba a gidan zu ba, Yankari zai nufa, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Akwai gandun Kamuku a Birnin Gwari, cikin jiharmu, ya kuma fi kusa, amma halin tsaron yankin ya sa ba ma kai kowa can. Mu da muke haɗa irin wannan tafiya, wani lokaci da iyalai, wani lokaci da ɗalibai daga Samaru ko Kongo, abin da muka lura shi ne mutane kan tafi da tsoron zaki, alhali abin da ke ɓata musu tafiya mota ce, da rana, da birai. Ga yadda muka bi abin a tafiyar rani.

Magana ta farko ita ce watan da za a je. Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma kogin Gaji ne jijiyarsa. Da damina kowane kwari cike yake da ruwa, ciyawa ta fi tsayin mutum, dabba ba ta da dalilin zuwa inda za ka gan ta, hanyoyin ciki kuma sun zama taɓo. Daga ƙarshen Disamba ruwan daji ya fara ƙafewa, an ƙone busasshiyar ciyawa a wurare da yawa, ido na iya kaiwa nesa. Zuwa Fabrairu, Maris da Afrilu ƙishirwa ta tilasta wa komai komawa bakin Gaji. Ke nan watannin da suka fi azabar zafi su ne suka fi ganin dabba. Mun zaɓi ƙarshen Fabrairu, lokacin da hazo ya ragu, bazara kuma ba ta kankama ba. Mun kauce wa ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, domin ɗakuna kan cika, motocin zagaya su yi layi, hayaniya ta kori abin da aka zo gani. Talata ko Laraba ta fi Asabar nesa ba kusa ba. Kwana biyu a ciki shi ne mafi ƙaranci. Mai kwana ɗaya zagaye ɗaya zai samu, in bai dace ba shi ke nan.

Tun da sauran mako biyu muka kira masu kula da masauki, muka tabbatar da ɗakuna, muka tambayi kuɗin kowane abu daban: na shiga a kan kowane mutum, na mota, na ɗaki, na motar zagaya da ɗan rakiya, da ko akwai na babbar kyamara. Mun riƙe tsabar kuɗi, don layin waya a can yana zuwa yana ɗaukewa, tura kuɗi ta waya na iya ƙi a daidai lokacin da ake bukata. A wannan kiran ne kuma ake tambayar lafiyar hanya, a sake tambaya ana gobe tafiya. A 'yan shekarun nan an samu hare-hare a wasu ƙauyukan Alkaleri, saboda haka labarin wanda ya je bara ba ya wadatarwa.

Mota ta shiga gareji a Sabon Gari da sauran kwana uku, ba ana gobe tafiya ba, domin in bakanike ya taɓa wani abu a samu damar gwada ta cikin gari. Abin da muka sa ya duba: lagireto da robobinsa, fankar da ke sanyaya shi, fambel, burki, baƙin mai, batir, da shokazoba. Lagireton da ke ɗigowa kaɗan a Zariya ba ya nuna kansa, sai an hau tudun Jos da kaya da mutane sannan allurar zafi ta tashi. Taya kuma ba tsagin samanta kaɗai ake kallo ba, a dubi gefenta ko ta fara tsattsagewa. Safaya ɗaya mai rai dole ce, biyu sun fi, kuma a auna iskarta, don sau da yawa sai an sauko da ita ake tarar da ta sace tun watanni. Mun ɗauki jak da sifanar taya muka gwada su a kan motar, da guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, da shebur, da igiyar jan mota, da famfon iska, da fambel na ajiya, da jarkar ruwa lita 20 ta lagireto kawai. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa za ta kai Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin, amma ba ta zagayen daji ba ce.

Ruwan sha a lissafa shi da alƙalami: lita 5 ga kowane babba a rana. Jakar ruwan leda ƙulli 20 ce, lita 10 ke nan. Mutum goma na kwana uku, haɗe da ranakun hanya, suna bukatar lita 150, jaka 15. Akwai wurin cin abinci a masaukin, duk da haka mun tafi da abin da ba ya lalacewa, kilishi, soyayyen nama, garin kwaki, ƙuli, dabino, burodi, kayan shayi, duk a cikin kula mai marfi ko bokitin roba mai makulli, ba a leda ba. Dalilin haka na nan tafe. Tufafi masu kauri, dogon hannu, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Takalmi sau-ciki, hular rana, rigar sanyi ta safe, gidan sauro, man shafawa na korar sauro, tocila ga kowane ɗaki, batirin cajin waya, domin wutar masaukin daji ta janareto ce mai lokaci. A akwatin magani akwai farasitamol, gishirin zawo na leda, bandeji, aidin, maganin ƙaiƙayi da sabulu. Madubin hangen nesa ko ɗaya ne a mota ya fi waya mai tsada amfani.

Mun tashi daga Ƙofar Doka da idar da sallar asuba. Hanya biyu ce. Ta Jos ta fi kusa: Soba, Dutsen Wai, Pambeguwa, Saminaka, Jengre, Jos, sannan Toro zuwa Bauchi, wajen kilomita 370. Ta Kano, Wudil, Birnin Kudu da Ningi ta fi tsawo da kamar kilomita 80. Kwalta kan gyaru ta kuma lalace, don haka direbobin tasha su ake tambaya a makon tafiyar. Mun bi ta Jos. A Bauchi muka yi sallah ƙasaru, muka ci abinci, muka cika tanki har baki. Wannan shan man ba na zaɓi ba ne: daga Bauchi zuwa Wikki da dawowa ya haura kilomita 220, ban da zagaye, kuma babu gidan mai a cikin daji. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, a nan a karya kudu zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Tafiyar duka ta kusa kilomita 480, awa takwas zuwa tara in an haɗa da tsaye-tsaye da shingayen jami'an tsaro. Wanda ya bar Zariya da hantsi magariba za ta riske shi a waje, kuma ba a shiga daji da dare. Mai tafiya a motar haya zai sauka Bauchi ya ɗauki shata, ya kuma yi ciniki da direban har da ranar ɗaukowa, don ba a samun motar haya a Wikki.

A ƙofa an rubuta sunayenmu da lambar mota, mun biya, mun adana rasiɗi. Daga nan zuwa masauki akwai fiye da kilomita 40, kuma nan ne direba ke son ya rama lokacin da ya ɓata. Kada a bar shi. Gudun kilomita 40 a awa ya isa. Mugun dawa da gada kan faɗo hanya ba sallama, kuma giwa na tsallaka wannan titin. Ba a fita daga mota, ko da fitsari ne; a gama wannan a ƙofa.

Masaukin Wikki ba shi da katangar da ke hana dabba shiga, kuma masu gidan na ainihi bika ne, gwaggon biri. Sun saba da mutane ƙwarai, sun san ƙarar but ɗin mota, sun san cewa abin da ke cikin leda ci ake yi. Lokacin sauke kaya shi ne lokacinsu: kowa ya gaji, ƙofofin mota huɗu a buɗe, yara na riƙe da biskit. Tsarin da muka bi shi ne mutum biyu na ɗauka, namiji babba ɗaya na tsaye a bakin but da sanda a hannu, ƙofa ɗaya kaɗai a buɗe, a rufe ta kafin a buɗe wata. Sandar ba ta duka ba ce, ganinta ya isa. Bika ya fi raina mata da yara, saboda haka kayan abinci a hannun maza. Duk da haka wata mota da ta iso bayanmu ta rasa burodinta kaf, don an bar gilashi a sauke kamar faɗin tafin hannu saboda zafi. Hannun biri na shiga nan. Ƙofar ɗaki kuma turawa ba ta isa, sai an murza makulli, ko kana ciki, domin sun iya murɗa hannun ƙofa. Taga ma haka.

In ya riga ya fizge abu, an bar masa. Kada a bi shi, kada a kama ledar ana ja, kada a zuba masa ido cikin ido. Babban namijin bika yana da fiƙa masu tsawo da ke tsaga nama, kuma garken na taya juna faɗa. In wayarka ko makullin mota na cikin jakar da ya ɗauka, ka kira ma'aikaci, ku bi shi daga nesa. Yakan zazzage ya watsar da abin da ba ci ba. Shi ya sa makulli ke zama a aljihu. Wanda biri ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a sa aidin, a fita da shi asibiti a ranar don allurar rigakafin ciwon haukan kare da ta tsinkau-tsinkau. Abin da ke ba mu haushi shi ne masu miƙa musu abinci don ɗaukar hoto. Su ne suka koya musu wannan hali, yaron wani kuma shi ke biya. Mugun dawa ma na kiwo tsakanin ɗakuna, durƙushe a kan gwiwoyinsa na gaba. Ba ruwansa da kowa sai in an tare masa hanya ko an kusanci 'ya'yansa.

Zagaye sau biyu ake yi a rana, da sassafe da kuma bayan la'asar, kowanne wajen awa biyu, a buɗaɗɗiyar mota, tare da ɗan rakiya. Mun yi magana da shi tun daren, muka roƙa a fita da zarar gari ya waye. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma motar farko ita ke tarar da sawu kafin taya ta taka shi. Tambayar da ta fi amfani ba “za mu ga giwa?” ba ce. Mukan ce, “Malam, ina suka sha ruwa jiya da yamma?” Malaman daji na sintiri kullum, suna kuma gaya wa juna, don haka wannan tambayar na da amsa. Kafin mota ta tashi mun yi wa kowa sharaɗi: waya a kashe ƙararta, ba kiɗa, ba turare mai ƙarfi, wanda ya ga abu ya taɓa na kusa da shi ya nuna da hannu, ba ihu. Yaro da ba zai iya shiru na awa biyu ba a bar shi a masauki da babba.

Sabon zuwa yana neman dabba sukutum a fili, shi ya sa yake wuce ta. A nemi guntu: kunne da ya motsa, wutsiya, layin baya a miƙe a cikin itatuwan da ke tsaye. A duba inuwa, ba inda rana ke haskawa ba. Gwambaza ba ta nisa da ruwa, ita aka fi gani a fadamar Gaji, tare da mazo mai zanen fari da ke laɓewa a bakin kurmi. Gwanki da kanki sun fi son tudu, musamman inda aka ƙone sabuwar ciyawa ta tsiro. Jan biri a ƙasa yake gudu, kirka a bishiyoyin bakin ruwa. Ɓauna garke take tafiya, sau da yawa balbela ko carki ne ke fara tona inda take. A gurabun ruwa masu zurfi akwai dorina da kada. Tsuntsaye sun haura iri 350, kuma ko ranar da manyan dabbobi suka ƙi fitowa za a ga burtu da zabin daji da cilakowa. Zaki akwai shi, Yankari da gandun Kainji ne ma kaɗai wuraren da ya rage a Najeriya, amma 'yan kaɗan ne, da dare suke yawo, samun sawunsa ma sa'a ce. Raƙumin dawa da jakin dawa kuwa ba a nan suke ba, suna gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006. A faɗa wa yara haka tun a gida.

Giwa ita ce aka zo dominta, kuma garken Yankari, da aka ƙiyasta tsakanin 100 da 150, yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan. Ta sha wahalar masu farautar haure shekaru da yawa, abin ya lafa ne bayan gwamnatin Bauchi da WCS, wata ƙungiyar kare namun daji, sun ƙulla yarjejeniyar tsaron dajin a 2014. Wannan tarihi ya sa giwar nan ba ta yarda da mota da sauri. Yadda muka same su shi ne ta alama. Reshe karyayye da cikinsa ke fari da danshi na daren ne. Kashi mai laima da ƙudaje a kai na 'yan awanni ne. Wanda ya bushe ya koma kamar harawa na kwanaki ne. Sawun ƙafar gaba, in aka auna kewayensa aka ninka biyu, ya ba da tsayin giwar a kafaɗa, kuma ƙananan sawu cikin manya na nufin akwai 'ya'ya, a ƙara kiyayewa. Da ɗan rakiya ya ga sun nufi ruwa, sai ya sa aka tsaya nesa da mashayar, ta inda iska ke kaɗowa daga wajensu zuwa wajenmu, aka kashe inji. Idon giwa ba shi da ƙarfi, hancinta ne abin tsoro. Mun jira fiye da rabin awa kafin ta farko ta ɓullo. Motar da ke ta kewaya ba tsayawa takan rasa wannan.

Kafin a kashe inji a juya hancin mota ta inda za a fita, kuma kada a tsaya a kan turbarsu ko tsakanin uwa da ɗanta. Tazarar mita 50 ita ce mafi ƙaranci. Giwa ta kan yi gargaɗi: ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, ta girgiza kai, ta watsa ƙasa, wani lokaci ta taho da gudu kaɗan ta ja burki. Wannan cewa take a matsa, sai a ja da baya sannu, ba hon, ba ihu. Wadda ta manne kunnuwa a jiki, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai ta taho shiru, da gaske take. Toron da ruwa ke tsiyaya daga gefen fuskarsa, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa, yana cikin lokacin zafin barbara, a ba shi hanya tun daga nesa. A kowane hali ba a dirowa daga mota a gudu.

A kurmin bakin kogi ne tsando ke far wa mota. Yana bin abu mai motsi, yana kuma son baƙi da shuɗi mai duhu, shi ya sa tarkon da ake kama shi da shi ƙyalle ne mai waɗannan launuka. Wanda ya sa shadda shuɗiya ko baƙar abaya shi zai kwashi cizon mota duka, kuma bakinsa na huda yadi marar kauri, man korar sauro bai cika hana shi ba. Mutanen ƙasar Zazzau ba baƙinsa ba ne: saboda ciwon barci da yake yaɗawa aka sassare kurame aka kafa Takalafiya kusa da Anchau a shekarun 1930 zuwa 1940. Mafi yawan cizo zafi ne da kumburi kawai, amma in wurin ya zama gyambo ko zazzaɓi ya biyo, a gaya wa likita an je daji.

A zagayen yamma mun shiga da motarmu mai jan ƙafa huɗu, ɗan rakiya a gaba, sai ta kafe a yashin wani busasshen rafi. Dalilin a fili yake: iskar taya ta kwalta ce, kuma an rage gudu a tsakiyar yashin maimakon a shiga da giya ta biyu a riƙe wuta ɗaya har a haye. Abu na farko shi ne ɗaga ƙafa daga totur da zarar taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, domin kowane juyi rami take haƙawa har cikin motar ya zauna a ƙasa. Ɗan rakiya ya fara sauka ya duba kewaye, sannan maza suka sauka, mata da yara suka zauna. Mun rage iskar tayoyin huɗu zuwa awo 20 a ma'aunin masu faci, don faɗinsu ya ƙaru, muka kwashe yashin bayan kowace taya da shebur, muka shimfiɗa rassa da tabarmin ƙafa na mota, muka miƙe sitiyari, muka koma da baya a kan sawunmu. In ta nutse sosai, a ɗora jak a kan katako, a ɗaga, a cika ramin. Da an hau ƙasa mai tauri a mayar da iska, in ba haka ba dutse zai yanka gefen tayar. Wani abu da ba a cika tunawa ba: kada a tsayar da mota a kan doguwar busasshiyar ciyawa, zafin salansa na iya kunna ta. Ƙaiƙayin ciyawa kuma na toshe fuskar lagireto. In allura ta hau, a kashe na'urar sanyaya mota, a tsaya, a jira minti 30 kafin a taɓa marfin lagireto, don ruwan ciki tafasasshe ne da ke feshi a fuska.

Rana ta fi kayar da mutane fiye da komai. A Maris da Afrilu zafi na kaiwa maki 40, iskar buɗaɗɗiyar mota na busar da gumi, mutum bai san yana ƙafewa ba. Alamar farko ciwon kai ne, da jiri, da fitsari kaɗan mai duhu. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In na leda ya ƙare, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko ya suma, ana jiƙa shi ana tafiya asibiti, ba jira. Daga sha ɗaya zuwa la'asar ba lokacin yawo ba ne, dabbobin ma suna inuwa.

Wannan tsakanin na ruwan Wikki ne. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa maki 31 dare da rana, rani da damina, yana zubar da wajen lita miliyan 21 kullum zuwa Gaji. Garai-garai yake, ana ganin farin yashin ƙasansa, kuma wannan hasken ne ke ruɗin mutane, su ɗauka bai kai gwiwa ba. Kusa da bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya ta ƙasa inda yake iya ƙugu, kowane yaro da babban da ke kallonsa shi kaɗai. Matakalar na da santsi. Waya a bar ta a ɗaki, kaya kuma a bar mutum ɗaya a kansu, domin bika na zaune a bishiyoyin sama yana jira. Ga iyalan da mata ke son shiga ba cakuɗa, sassafe bayan motocin zagaya sun fita shi ne lokacin da wurin ya fi zama wayam. Sabulu da wanki a yi su a ɗaki, ruwan nan dabbobi ke sha a gaba.

Da dare ba mai fita da silifa ko ba tocila. Yankin Bauchi da Gombe ƙasar kububuwa ce, ƙarama ce, launinta na ƙasa, da dare take fita. Dafinta na hana jini daskarewa, mutum na iya jin sauƙi da farko, bayan awanni jini ya fara fita a dasashi. In ta faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɓata lokaci wajen mai magani. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar a jikin sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa mota, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Akwai asibitin koyarwa a Bauchi, akwai kuma na musamman na saran maciji a Kaltungo, jihar Gombe. Saboda irin wannan ne muke kwana da mai a tanki, direba kuma kowa ya san ɗakinsa. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Mai sauran lokaci ya nemi a kai shi kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukke, da tsoffin matoyan ƙarfe na Shau Shau. A masaukin ma akwai ɗan gidan tarihi mai fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace a hannun mafarauta. Kowanne sai da ɗan rakiya.

Ranar komowa mun bar Wikki da ƙarfe bakwai, don mu wuce Saminaka da Pambeguwa da rana a sama. A Bauchi mun tsaya wajen mai faci ya auna tayoyi ya duba ƙaya, domin ƙayar daji kan zauna a taya ta riƙa sace iska a hankali sai an yi nisa. A Zariya aka busa matatar iskar inji aka wanke fuskar lagireto. Kowa ya duba jikinsa da na yara saboda kaska, musamman bayan gwiwa, hammata da ƙugu; a cire ta da hantsaki daga gindin kai, ba a murje ta ba. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu zuwa uku da dawowa, a yi masa gwajin maleriya kafin a ba shi magani, a kuma faɗa wa likita inda aka je da abin da ya cije shi.